Fayil ɗaya, lissafi uku: nazarin cire maimaici a wani situdiyo mai rassa a Katsina da Daura

Situdiyon da wannan nazari ya shafa yana ɗaukar hoto da bidiyo, yana kuma buga kalanda, fosta da katin biki. Babban ofishinsa yana cikin birnin Katsina, reshensa yana Daura. Aiki irin wannan yana tara maimaici da kansa. Hotunan Hawan Bariki ko na Sallar Gani ana zuba su a foldar asali, mai gyara ya kwafe su zuwa tasa, a sake kwafe waɗanda aka zaɓa zuwa foldar kowane kwastoma, wani lokacin kuma a ɗaure su cikin ZIP don aikawa. Hoto ɗaya sai ya zauna a wuri huɗu.

Na'urorin ajiya uku ne, kowacce da nata tsarin cire maimaici, wato ajiye bayanan da suka maimaitu sau ɗaya kawai don rage cin wuri. Ta Katsina Windows Server 2019 ce, faifanta na D: mai TB 8 yana kan tsarin fayil na NTFS, an kunna masa Data Deduplication, sashen cire maimaici na Windows. Ta Daura Linux ce mai tsarin fayil na Btrfs, ita ma TB 8, ana gudanar da manhajar cire maimaici duperemove a kanta kowane dare. Ta uku ta ajiyar ko-ta-kwana ce: tsarin fayil na ZFS (OpenZFS 2.2) a kan Linux, RAM GB 16, an sa mata dedup=on, saitin da ke kunna cire maimaici. Wanda ya haɗa su ya ɗauka tunda duk ukun suna cire maimaici, abin da ya shiga ɗaya zai shiga sauran.

Inda matsalar ta fara

Bayan hidimar Sallah aka ɗauko na'urar Daura zuwa Katsina, aka jona ta a waya ɗaya da babbar na'ura don a kwafe komai da manhajar kwafi rsync ta hanyar SMB, tsarin da Windows ke raba fayiloli tsakanin na'urori. Windows ta nuna an ci wajen TB 6 cikin 8, saboda haka ba wanda ya yi shakkar cewa zai shiga. Kwafin ya tsaya kafin ya kai ƙarshe, faifan Daura ya cika maƙil.

Dalilin yana cikin lokacin da kowane tsari yake yin aikinsa. Windows tana rubuta fayil cikakke tukuna, daga baya wani aiki da ke tashi duk awa ya bi fayilolin da suka kai kwana 3, ya yanka su gutsure-gutsure masu girma tsakanin KB 32 da KB 128, ya adana kowane gutsure sau ɗaya a wani rumbu da ke cikin foldar System Volume Information, ya bar alamar nuni a gurbin fayil ɗin. Idan aka zo karantawa ta SMB, Windows tana harhaɗa gutsattsarin ta miƙa fayil cikakke. Abin da ya bi waya ke nan: cikakken girman fayilolin, wanda a wannan ofishin ya haura TB 9. Btrfs kuma ba ta cire maimaici a lokacin rubutu ko kaɗan. Dole bayanan su sauka a faifai dukansu, sannan duperemove ya zo ya nemo masu kama da juna. Faifan TB 8 ba zai karɓi TB 9 ba, ko da bayan an gama tsaftacewa za su koma 6 ko 7.

ZFS ce kaɗai cikin ukun take cire maimaici a daidai lokacin rubutu, shi ya sa wannan matsalar ba ta same ta ba. Tata daban ce, za mu zo gare ta.

Gyaran gaggawa da ya fi cutar ɓarna

Da faifan ya cika, aka gudanar da jdupes -L, wata manhajar neman fayiloli masu kama da juna, a foldar Daura. Wuri ya samu nan take, kuma a ido abin ya yi kama da cire maimaici. Amma abin da -L ke yi haɗin suna ne, irin na umarnin ln: sunaye biyu ko uku su koma suna nuna fayil guda tak. Ba daidai yake da haɗin bulo ba (bulo shi ne ƙaramin yankin da bayanai ke kwance a faifai), irin na cp --reflink ko duperemove, inda fayiloli biyu ke nan daban-daban, suna tarayya ne kawai a wurin da bayanansu ke kwance, kuma da zarar an taɓa ɗaya Btrfs ta ware masa sabon wuri ta bar ɗayan yadda yake.

Ɓarnar ta fito ta fuska biyu. Wani ma'aikaci ya buɗe samfurin katin biki da aka kwafa wa kwastomomi da yawa, ya canja sunan amarya a foldar mutum ɗaya, sai sunan ya canja a sauran foldojin. Abin da ya sa aka daɗe ba a gano ba shi ne ba kullum yake faruwa ba. Manhajar da ke adanawa ta hanyar rubuta sabon fayil sannan ta maye gurbin tsohon tana tsinka haɗin ba tare da sani ba, sai komai ya tafi lafiya. Wadda ke rubutu kai tsaye cikin fayil ɗin ita ce ke ɓata na kowa.

Fuska ta biyu ta shafi kuɗin data. Fayilolin da aka haɗa suna sun koma suna da lokacin gyara guda ɗaya da izini guda ɗaya, domin waɗannan bayanai a jikin fayil suke, ba a jikin suna ba. Shi kuwa rsync da girma da lokacin gyara yake gane abin da ya canja. Bayan an mayar da na'urar Daura, a kwafin dare sai ya ga dubban fayiloli lokacinsu bai yi daidai da na Katsina ba, ya sake jawo su ta intanet, ya rubuta kowanne a sabon fayil na wucin gadi sannan ya sauya masa suna. Haɗin ya tsinke, wurin da aka samu ya sake cikewa, data ta ƙone a banza.

Maimaici a wurin wa?

Wannan ne ɓangaren da ya fi cancanta a tsaya a kansa, domin ko an gyara duk sauran, shi ba zai gyaru ba. Tsarin ukun ba su yarda da juna ba a kan abin da ake kira maimaici.

A ɗauki hoton JPEG mai MB 8. An kwafe shi, an saka sunan situdiyo a bayanan da ke kansa ba tare da an taɓa hoton ba. Kan fayil ɗin ya ƙaru da, a ce, bayit 200, duk abin da ke biye ya gusa gaba da bayit 200. Windows tana sa iyakar gutsure ne bisa abin da bayanan suka ƙunsa, ba bisa nisan wuri daga farkon fayil ba. Gutsuren farko zai bambanta, amma daga nan iyakokin za su sake faɗawa inda suka faɗa a na asali, sai kusan duk sauran su haɗu. ZFS kuwa tana yanka fayil bulo-bulo masu girma ɗaya, KB 128 idan ba a canja recordsize, saitin girman bulo, ba, tana ƙirgawa daga bayit na farko. Gushewar bayit 200 ta sa babu bulo ko ɗaya da ya yi daidai da takwaransa. Abin da Windows ta ajiye sau ɗaya da ɗan ƙari, ZFS ta ajiye shi sau biyu cif. Hotunan da aka ɗaure cikin ZIP ma haka suke, domin kowanne yana farawa ne daga wurin da bai dace da iyakar bulo ba.

Btrfs tana tsakiya, amma ta fi kusa da ZFS. Kiran da duperemove da takwaransa bees ke amfani da shi don su nemi Linux ta haɗa bulo, FIDEDUPERANGE, wanda ya zama na bai-ɗaya a Linux 4.5, yana buƙatar wurin farawa a fayilolin biyu ya faɗa kan iyakar bulon faifai, galibi bayit 4096. Gushewar bayit 200 ba ta da magani a nan. Gushewar 4096 daidai tana iya haɗuwa a Btrfs, amma ko za a gano ta ya danganta da manhajar da ke nema: bees yana duba ƙananan bulo, duperemove kuwa a saitinsa na asali yana aiki da manyan yankuna.

A ƙananan fayiloli lamarin ya juya. Windows ba ta taɓa fayil da bai kai KB 32 ba. ZFS tana haɗa fayiloli biyu masu KB 20 ba tare da wata matsala ba. Btrfs tana cusa fayilolin da ba su wuce bayit 2048 ba cikin bayanan tsarinta, waɗannan kuma ba sa haɗuwa.

A na'urar ko-ta-kwana an sami wani ƙarin saɓani da ba a yi zato ba. Sashen tsofaffin ayyuka an matse shi da hanyar matse bayanai ta lz4, na sababbi da ta zstd, wanda ya shigo da OpenZFS 2.0 a 2020. ZFS tana lissafa lambar shaidar bulo, wadda da ita take gane maimaici, bayan ta matse shi ne. Fayil ɗin TIFF ko PSD guda, idan an matse shi da hanyoyi biyu, lambobin shaida biyu zai bayar, ba zai haɗu tsakanin sassan ba. JPEG da bidiyo kuwa ba sa matsuwa, ana ajiye su yadda suke a sassan biyu, sai su haɗu. Wanda ke kallon adadin DEDUP a zpool list kawai ba zai taɓa fahimtar dalilin da wasu foldoji ke raguwa wasu ba sa raguwa ba. Sassa biyu masu recordsize daban ma ba sa haɗuwa, haka nan sassan da aka kulle da mabuɗai daban.

Akwai kuma kurakuran da duperemove ke bayarwa waɗanda ba a karanta ba. Foldar kundin hotuna a Daura an sa mata chattr +C don ta yi sauri. Btrfs ba ta yarda a haɗa bulo tsakanin fayil mai wannan alama da marar ita ba, tana mayar da saƙon kuskure EINVAL. Kuma da aka gwada duperemove a kan ZFS da fatan a sami hali iri ɗaya da na Daura, saƙon kuskure EOPNOTSUPP ya dawo, domin OpenZFS 2.2 ba ta karɓar wannan kiran, duk da cewa a ita ce aka fara samun kwafi ta haɗin bulo. Duk mai rubuta tasa manhajar a kan FIDEDUPERANGE ya lura cewa tsarin fayil na iya yanke tsawon abin da aka nema shiru, yawanci a MB 16, don haka sai an duba bytes_deduped, adadin da aka riga aka haɗa, an ci gaba daga inda ya tsaya. Amfanin kiran shi ne Linux da kanta take gwada bayanan bayit da bayit kafin ta haɗa, idan sun bambanta ta ƙi.

Sharewa, da wutar daren Asabar

A Katsina an share ayyukan shekaru biyu da suka wuce don a sami wuri, amma makonni suka shuɗe faifan bai ragu ba. Share fayil da aka riga aka yanka yana cire alamar nuni ne kawai. Gutsattsarin suna nan a rumbu har sai aikin GarbageCollection ya zo ya kwashe waɗanda babu mai nuna su. A saitin asali wannan aikin yana tashi ne ranar Asabar da ƙarfe 2:35 na dare, na binciken lafiyar rumbu kuma da 3:35. A wannan ofishin ana kashe janareto bayan isha'i, batiran inbata ba sa kai tsakar dare, don haka a lokacin na'urar a kashe take kusan kowane mako. Ba cire shara kaɗai aka rasa ba, har da binciken da ke gano gutsuren da ya lalace, kuma gutsure ɗaya da ya lalace yana iya ɓata fayiloli da yawa a tare.

A Daura duperemove yana ba da rahoton ya haɗa bayanai masu yawa, wuri kuma ba ya ƙaruwa. An jera ayyukan dare ne a karkace: rsync, sai sinafshot (daskararren kwafin yadda faifan yake a wannan lokacin), sai duperemove. Sinafshot ɗin yana riƙe da tsofaffin bulo, don haka ko fayilolin sun koma tarayya, tsohon wurin ba zai saku ba sai ranar da aka goge shi. Umarnin btrfs filesystem defragment da wani ya saka a jadawalin wata-wata shi ma yana warware haɗin bulo, ya mayar da kowane fayil ga nasa kwafin.

A ZFS sharewa ce ta fi komai nauyi. Kowane bulo yana da gurbi a teburin maimaici, kuma ƙiyasin da aka saba amfani da shi bayit 320 ne na RAM ga kowanne. Ko da an ɗauka TB 6 ne kawai na bayanai marasa maimaici, a bulon KB 128 an sami bulo kusan miliyan 46, wato tebur mai kusan GB 15. Na'urar GB 16 gare ta, kuma OpenZFS 2.2 a Linux rabin RAM take ɗauka idan ba a canja ba. Mafi yawan teburin a faifai mai juyawa yake, kowane rubutu da kowace sharewa sai an je an karanto gurbinsa. Goge sinafshot ɗaya yana cin awanni, wuta ta ɗauke a tsakiya, na'urar ta tashi ta ci gaba da jan ƙafa. Da an gudanar da zdb -S tun farko, da an ga girman teburin da ribar da za a samu kafin a kunna. A ganinmu ribar da ba ta kai ninki biyu ba ba ta cancanci wannan wahalar ba, ta wannan ofishin kuwa ko a Windows ninki ɗaya da rabi ce.

Ranar da aka zare faifan

Wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona akwatin wutar na'urar Katsina. Don kada aiki ya tsaya aka zare faifan D: aka sa a kwamfutar teburi mai Windows 10. Foldoji duk sun bayyana, sunaye da girma daidai. Hotunan jiya da shekaranjiya suka buɗu, ƙananan takardu suka buɗu, amma duk abin da ya wuce kwana 3 ya ƙi. Mai situdiyon ya ɗauka komai ya tafi. Babu abin da ya ɓace: Windows 10 ba ta da sashen da ke fassara alamar nuni ya ɗauko gutsattsari daga rumbu. Sai da aka sa faifan a wata Windows Server mai Data Deduplication suka dawo. Faifan Btrfs ko na ZFS ba ya buƙatar wani ƙari irin wannan, domin haɗin yana cikin tsarin fayil ɗin kansa, sai dai ZFS ɗin da za ta karɓa dole ta san duk fasalolin da aka kunna a rumbun ZFS ɗin, wato rukunin faifanta.

Haɗari mai kama da wannan yana tattare da umarnin kwafi na Windows robocopy /MIR idan aka nufe shi da tushen faifan da ke da cire maimaici: yana iya taɓa System Volume Information ya lalata rumbun gutsattsari. Ko dai a kwafa zuwa wata folda a ciki, ko a ware waccan da /XD.

Abin da aka tsayar

Ba a yi ƙoƙarin sa na'urorin uku su ba da adadi ɗaya ba, domin hakan ba zai yiwu ba. Abin da aka daidaita shi ne alkawarin da kowacce za ta cika: abin da ke cikin fayil ya zama ɗaya a ko'ina, taɓa kwafi ɗaya kada ya taɓa wani, kuma a san lokacin da wurin da aka share zai dawo.

Ma'aunin wuri ya koma cikakken girma. A Linux du -sb, a Windows layin Size na Properties, ba Size on disk ba, wanda ke nuna kusan sifiri ga fayil da aka yanka. Sauran ma'aunai kowanne da karkatarsa: du yana ƙirga haɗin suna sau ɗaya amma haɗin bulo sau biyu, sai btrfs filesystem du ne ke raba na tarayya da na kai, zfs list ba ya nuna ribar cire maimaici, sai zpool list. Duk faifan da za a kwafa ko a maido da bayanai a kansa dole ya ɗauki cikakken girman. Daura aka ƙara mata faifai da btrfs device add, kuma idan za a yi babban kwafi ana yin sa shekara-shekara, duperemove -dr --hashfile yana bin bayan kowane kashi.

An nemo haɗin suna da find -type f -links +1, aka kwafi kowanne da cp --reflink=always zuwa sunan wucin gadi aka mayar da shi gurbinsa. Aka fitar da jerin lambar shaida ta SHA-256 na kowane fayil, sha256sum a Linux, Get-FileHash a Windows, aka gwada, waɗanda suka saɓa aka sake kwafo su daga Katsina. Bayan haka ne kawai aka gudanar da rsync -rt --size-only don ya gyara lokuta ba tare da jawo bayanai ba. Yin sa kafin gwajin SHA-256 zai rufe fayil ɗin da ya lalace amma girmansa bai canja ba. Jerin dare ya zama rsync, duperemove, sannan sinafshot, defragment kuma aka cire shi.

Ayyukan Asabar na Windows an mayar da su ranar Juma'a da rana da Set-DedupSchedule, lokacin da ma'aikata suka tafi masallaci kuma sola ke kan ƙarfinta, aka kuma tashi Start-DedupJob -Type GarbageCollection -Full sau ɗaya da hannu don kwashe abin da ya taru.

A ZFS, sa dedup=off ba ya goge teburin, sababbin rubuce-rubuce kawai yake shafa. An gina sabon rumbu aka tura bayanan da zfs send. Mayar da recordsize zuwa 1M zai rage teburin zuwa ƙasa da GB 2, OpenZFS 2.3 ta 2025 kuma ta kawo iyaka ga girman tebur da umarnin zpool ddtprune, amma babu ɗaya cikinsu da ya magance gushewar bayit 200. Saboda haka cire maimaicin ajiyar ko-ta-kwana aka ba manhajar ajiya restic, wanda ke yanka bisa abin da fayil ya ƙunsa, gutsure tsakanin KB 512 da MB 8, kuma halinsa ɗaya ne ko daga Windows aka tashe shi ko daga Linux. Tunda yana kulle abin da ya adana, babu sauran abin da ZFS za ta haɗa a ƙarƙashinsa. Shi ma wuri ba ya dawowa sai an yi forget --prune, an sa shi a jadawalin Juma'a.

An kuma tanadi foldar gwaji da ake zubawa a kowace na'ura bayan duk wani sabuntawa. Ana ƙirƙirar fayil mai MB 100 daga /dev/urandom, ba daga sifirai ba, don kada matsewa ta ruɗa lissafi. A yi masa kwafi cif, da wasu uku da aka sa wa bayit 200, 4096 da 131072 a gaba, da ƙananan fayiloli biyu iri ɗaya masu KB 20. A Windows ana yin gwajin a ƙaramin faifai na daban mai MinimumFileAgeDays 0, wato ba sai fayil ya kwana 3 ba. Abin da ake jira a rubuce yake: Windows ta haɗa manyan duka ta bar ƙananan, Btrfs ta haɗa kwafin cif ta bar mai bayit 200, ZFS mai bulon KB 128, idan an taɓa sake kunna mata, ta haɗa kwafin cif da mai 131072 da ƙananan biyu. Daga nan a rubuta bayit ɗaya a tsakiyar kwafin da dd conv=notrunc, ko da makamancinsa a PowerShell, a tabbatar lambar SHA-256 ta asalin ba ta motsa ba, a share foldar, a rubuta ranar da wurin ya dawo.